Kashi na Tara a Gidan Kallon Baba Garga

Na farko mun kalle shi mu huɗu a benci ɗaya,
ni da Sali da Hamajam da ƙanensa mai yawan tambaya.
Dala biyar-biyar a ƙofa,
janareto na tari a bayan zana,
zafin Garwa ya hau mana wuya kamar bashi.
Motoci biyu ne kacal a lokacin, da titi ɗaya,
da wata yarinya da ta ɗaga ƙyalle ta sake shi.
Ba ma jin yarensu. Ina ruwanmu?
Kukan inji ba ya neman tafinta.

Da muka fito, Sali ya haye babur ɗin yayansa,
ya murɗa hannu har kajin Yelwa suka watse.
"Ni ne mai jar motar nan," in ji shi,
alhali silifas ɗinsa ma wari da wari ne.

Na biyu ya zo, aka ƙara motoci.
Na uku aka ƙara 'yan sanda, aka rage hankali.
A na huɗu mai tabo a goshi
ya faɗa kwazazzabo da motarsa,
wuta ta tashi, ɗaki ya yi tsit.
Hamajam ya ce hayaƙin taba ne ya shiga masa ido.
Ba wanda ya kunna taba a ɗakin ranar.

Tsakanin na huɗu da na biyar
na koyi kwance kafireto a garejin Malam Ndotti,
Hamajam ya bi aikin jirgin ƙasa zuwa Ngaundare,
Sali ya shiga dakon mai:
jarka shida a bayan babur,
daga bakin iyaka zuwa gari kafin kiran assalatu,
fitila a kashe don kada jandarma su hango.

Daren Talata ne, hanyar Gashiga.
Motar auduga ta mutu a kan kwana,
ba wanda ya jefa ko ganye a bayanta.
Ba a sa kiɗa ba.
Ba a maimaito wurin a hankali ba
don mu ga ta inda ya shiga.
A amalanke aka kawo mini babur ɗin,
na zagaya shi sau uku,
na rasa inda zan ɗora sifana.

Na shida ya iso bayan damina biyu.
Sai ga mai tabo a goshi ya turo ƙofa,
riga a goge, ko ƙuna babu.
Wai ashe ya yi tsalle kafin wutar.
Ɗaki ya kaure da tafi da fito.
Ni kuwa na waiga bakin benci:
wani yaro ne a wurin, yana shan rake.

A na bakwai mota ta bi ta kan rufin kasuwa.
A na takwas na daina ƙirga abin da suka fasa.
Yaran yanzu a waya suke kallo, kowa kunne a toshe,
Baba Garga ya sayar wa mai shayi rabin bencinansa.
Jarumin ya yi tumbi, ana ɓoye masa shi da sitiyari,
ni ma furfura ta fara leƙo ni ta haɓa.

Jiya aka manna hoton na tara a jikin darbejiya.
Dudu ta ce, tana tsince shinkafa,
"Ba labari ɗaya ba ne kullum?
Su gudu, a bi su, su tsira."
Na ce haka ne.
Ban gaya mata ba, wannan ɗin nake saye:
awa biyu a inda ƙarfe ke karo da ƙarfe,
mutum ya fito yana kaɗe kafaɗa.

Na miƙa wa Baba Garga kuɗin mutum biyu.
Ya ƙirga, ya dube ni, bai maido canji ba.
Ya ce, "Shiga, an kusa farawa.
Matsa ciki, ka bar masa bakin benci,
ka san shi da son riga kowa fita."